Likita ya ce sai na yi gwajin tarin fuka kafin in fara tofacitinib, ina neman shawara

Mai ɗinki, Aboabo (Kumasi):

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni mace ce, shekarata 46, ɗinki ne sana'ata. Amosanin gaɓɓai ke damuna, irin wanda likita ya ce garkuwar jikina ce da kanta take cin gaɓoɓina. Da asuba yatsuna a ƙage suke, ko buta ba na iya ɗagawa da hannu ɗaya, sai hantsi suke sakina. Almakashi ya gagare ni. In atamfa mai kauri ce, yarinyar da ke koyon aiki a wurina ce take yankawa, ni ina nuna mata da baki.

Na daɗe a kan methotrexate, sau ɗaya a mako, amma kumburin ya ƙi sauka, ga tashin zuciya duk ranar da na sha. Yanzu likita ya kawo maganar tofacitinib, ƙwaya ce, miligiram 5 safe da yamma. Na ji daɗi da ba allura ba ce. Sai dai ya ce ba zai rubuta min ba sai an ɗauki hoton ƙirjina, an yi gwajin tarin fuka, na hanta da na jini. Kuɗin gwajin nan ba kaɗan ba ne. Ƙanina da ke Italiya shi zai riƙa turo kuɗin magani, kuma ya ce ya san wanda zai kawo min na Indiya mai araha ba sai da takardar likita ba. A ganinsa ɓata lokaci nake yi, ga Sallah na matsowa, ɗinkunan mutane jibge a shago.

Ni ba na tari, ban rame ba. To, me ya haɗa ciwon yatsu da huhu? Surukina da muke gida ɗaya ya taɓa yin tarin fuka shekarun baya, ya sha magani wata shida ya warke. Ban faɗa wa likita ba don na ga abu ne da ya wuce. Sannan ina da niyyar aikin Hajji baɗi in Allah Ya yarda. Ko maganin zai hana ni?

Ɗan Nima, mai harhaɗa magunguna (Accra):

Wa alaikumus salam Yaya. Allah Ya ba ki lafiya. Maganar surukin nan ita ce ta farko da za ki faɗa wa likita in kin koma, tun kafin ya tambaya.

Ga dalili. Ƙwayar tarin fuka tana iya shiga jikin mutum ta kwanta shekara da shekaru, ba tari ba zazzaɓi, saboda garkuwar jiki ta tsare ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ita, mafi yawansu ba su sani ba. Wanda ya zauna gida ɗaya da mai tarin, shi ne kan gaba a waɗanda ake dubawa. Shi kuma tofacitinib, aikinsa shi ne ya tare wasu sinadarai a cikin ƙwayoyin jiki da ake kira JAK. Kamar 'yan aike suke, su ke kai saƙon “a tayar da kumburi”. In aka tare su, gaɓoɓinki za su huta. Amma da irin wannan saƙon ne jiki yake tsare ƙwayar da ta kwanta, don haka tana iya farkawa, kuma wani lokaci ba a huhu kaɗai take tsayawa ba, tana zuwa ƙashi ko wasu sassan jiki. In gwaji ya nuna tana nan, ba shi ke nan an hana ki maganin ba. Ana fara ba ki maganin kashe ta tukuna. Likita ne zai zaɓi wanne, domin rifampicin, ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka, yana rage ƙarfin tofacitinib a jini sosai.

Haka ciwon hanta nau'in B yake, kuma kin san yadda ya yi yawa a ƙasar nan. Rigakafinsa bai shiga alluran jarirai a Ghana ba sai 2002, mu da aka haifa kafin nan da yawanmu ba mu samu ba. Gwajin jinin kuwa don a san yawan fararen ƙwayoyin jini ne da ko jininki ya yi ƙasa, kuma ana maimaita shi bayan an fara, tare da na kitsen jini, don maganin yana ɗaga shi.

Akwai abin da nake so ki sani, ba don in tsorata ki ba. Kamfanin Pfizer ne ya fitar da shi da sunan Xeljanz, Amurka ta amince da shi a 2012 don amosanin gaɓɓai, a 2018 don kumburin babban hanji. A 2021 hukumar magungunan Amurka ta tsaurara gargaɗi a kansa, bayan wani bincike kan mutum sama da 4,000 masu shekara 50 zuwa sama da ke da wani abin da ke barazana ga zuciyarsu. An ga ciwon zuciya, kansa da daskarewar jini a jijiya sun fi yawa a masu shansa in aka kwatanta da masu karɓar alluran da ke tare TNF, wani sinadarin jiki mai tayar da kumburi. Ba ki kai 50 ba, amma in kina da hawan jini, ciwon suga, ko jini ya taɓa daskare miki a ƙafa, ki faɗa. In kina shan ƙwayar tazarar haihuwa ma ki ambata. Ba a so a sha shi da ciki ko ana shayarwa.

Na Indiya ba laifi ba ne don na Indiya ne, akwai masu kyau. Abin da ban yarda da shi ba shi ne na cikin jakar wani, wanda ba ki san inda ya kwana ba. Ki saya a shagon magani mai lasisi, da takardar likita.

Baban Yasmin, Madina (Accra):

Hajiya sannu da jiki. Ni ba gaɓɓai ba ne nawa, hanji ne. Kashin jini na yi ta yi, ana ce min atuni ne, sai da aka sa na'urar leƙa hanji aka ga gyambo ne a babban hanji. Direba ne ni, ki duba mutumin da ba ya iya kai Circle, a tsakiyar Accra, daga Madina bai nemi bayi ba. An fara min da miligiram 10 sau biyu a rana na mako takwas, aka dawo da ni 5. Alhamdulillahi, jinin ya tsaya, na koma kan mota.

Amma ananse ya fito min, wato ƙurajen nan masu zafi da ke bin jijiya. Na fara jin zafi kamar wuta a haƙarƙarin dama, ban ga komai ba, sai bayan kwana biyu ƙuraje masu ruwa suka jeru daga baya zuwa ƙirji, gefe ɗaya kawai. Ko riga ta taɓa wurin sai na yi ƙara. Mutanen gida suka ce a kai ni wurin mai shafa magani. Na kira likitana, ya ce in zo a ranar. Ya ce ƙwayar ƙarambau ce da na yi ina yaro ta farka saboda maganin. Ya ba ni aciclovir, ya dakatar da tofacitinib har suka bushe. Tun daga nan ko zazzaɓi na ji ba na cewa maleriya ce in sayi magani a tasha, gwaji nake zuwa.

Abu ɗaya zan ƙara: ki zauna da ƙaninki ku yi lissafin shekara, ba na wata ɗaya ba. Ni da aljihuna nake saya, kuma watan da kuɗi ya yanke na tsaya, ciwon ya dawo min. Wanda zai taimaka ya san ba maganin sha ka warke ba ne.

Hajiya Mai Koko, Asawase:

'Yata, Allah Ya sawwaƙe. Ni ban san maganin nan ba, amma Hajji na sani. Cunkoson Mina da ɗawafi, kusan kowa da tari yake dawowa, balle mai raunin garkuwa. Ki tafi da takunkumi, ki sa maganinki a jakar hannu tare da takardar likita. Kuma ki nemo katinki mai ruwan ɗorawa na rigakafin cutar shawara tun yanzu, ana tambayarsa. Ɗinkin Sallah kuwa, ki ba wata abokiyar sana'arki rabi. Masu kaya za su yi ƙorafi su gaji.

Ɗan Nima, mai harhaɗa magunguna (Accra):

Hajiya ta taɓo wuri mai muhimmanci. Rigakafin shawara ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana, ba a yi wa mai shan tofacitinib. Ko methotrexate ɗin da kike sha yanzu sai likita ya duba kafin a yi miki. In kin taɓa yi kuma katin yana nan, kin huta, domin tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. In ba ki taɓa yi ba, a tsara ta kafin ki fara sabon maganin. Ta sanƙarau da ake yi wa maniyyata ba mai rai ba ce, ba matsala. Sannan Yaya, in kina haɗawa da diclofenac ko ibuprofen kullum don zafin yatsu, ko jiƙe-jiƙen kwalba, ki kwashe su duka ki kai wa likita ya gani.

Mai ɗinki, Aboabo (Kumasi):

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na tura wa ƙanina bayanin nan, ya ce zai fara turo kuɗin gwajin. Katin shawara yana nan, na yi lokacin da na je Lome saro atamfa. Hawan jini kam ina da shi, ina shan maganinsa, zan faɗa wa likita ranar Talata tare da maganar surukina. Baban Yasmin, da azumi ya zo, yaya ka yi da shan safe da na yamma? Ka mayar sahur da buɗa baki ne, ko likita ya canza maka?