Musayar waƙa: Ɗiyan manya a littafi

Ɗiyar Mabera:
Jiya na ƙare littafin, ga abin da ke raina.

Na karance shi dut, raina yana ƙuna,
Ɗiyan manya ne, Maitama sunka zamna,
Yarinyar da ka yi musu wanki da rana,
Har labari ya ƙare ba a ba ta suna.

Amma ran da uwassu ta kwanta jinya,
Kuɗi sun kasa, an bar ta ita ɗaya,
Na yi kuka, wallahi, ba ni jin kunya,
Ga ƙi ga tausai, sun cika min zuciya.

Na-Kanwuri:
Ɗiyar Mabera, adana hawayenki,
Afrilu ya kama, ba wuta a ɗakinki,
Su suna cikin esi, mahuci a hannunki,
Wa zai yi kuka in ciwo ya kama ki?

Ɗiyar Mabera:
Na-Kanwuri, shafi guda ba ka buɗa ba,
Ka yanke hukunci, shari'a ba ka ji ba,
Ciwon uwa bai san mai Prado ba,
Talaucinka bai maishe ka mai gaskiya ba.

Inna ta Runjin Sambo:
Allah shi ƙara basira, ɗiyata! Kin rufe bakinai.

Ɗan Arkilla:
Haba Inna, ku mata kullum bayan juna kuke. Baitin Na-Kanwuri ya fi zama.

Malam na Gawon Nama:
Ku dakata. “Ba, ba, ba, ba” har sau huɗu, amsa-amon mai neman sauƙi ke nan. Ɗango na huɗu kuma ya zarce 'yan'uwansa, kari ya karye. A garin nan na Sakkwato Nana Asma'u ta rubuta waƙoƙi da Fulatanci, Larabci da Hausa har rasuwarta a 1864, kuma da aruli, wato awon waƙa, ta yi su.

Na-Kanwuri:
Malam, da girmanka, aruli na Larabawa,
Makaɗan fada da kunne suke aunawa,
Kamil da Mutaƙarab ba su yi mana rerawa,
Kawo naka baiti mu ji in yana hawa.

Inna ta Runjin Sambo:
Yau kuma kai ke kare ta? Madalla.

Malam na Gawon Nama:
Yaro, rubutacciya daban, ta baka daban. Naka ɗango na uku ma ɗingishi yake yi. Bayan la'asar zan kawo ƙwar biyar, wato baiti mai ɗango biyar, kowa ya ƙirga gaɓoɓinsa da yatsa.