Taƙaitawa: yadda ake alƙalancin gasar badujala ta DCI

Jama'a, tattaunawar ta yi tsawo, shi ya sa na tattaro abin da aka faɗa kan alƙalancin gasar ganguna da begila da hukumar DCI (Drum Corps International) ke shiryawa a Amurka lokacin zafi, wadda ake kammalawa a Indiyanafolis cikin watan Agusta.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Maki 100 ne: 40 na tasirin wasan gaba ɗaya, 30 na abin da ido ke gani, 30 na kiɗa.
2. Kowane alƙali ya tsaya a ɓangarensa. Mai sauraron ganguna ba ruwansa da masu kaɗa tutoci.
3. Sharhin da alƙali ke naɗa da muryarsa yayin wasa ya fito fili: ina aka kuskure, yaya za a gyara. Ni ma nan na fi ba ƙarfi, domin matasan nan sun sha rana suna atisaye, sun cancanci bayani.
4. Kada a kwatanta makin gasanni biyu da alƙalansu suka bambanta.

Inda aka rabu:

5. Wasa mai wuya da 'yan kurakurai, ko mai sauƙi da ya fita tsaf? Ba a daidaita ba.
6. Lasifika, da aka halatta a 2004: wasu na ganin tana ɓoye raunin busa, wasu sun ce ta ƙawata kiɗan.
7. Wasu na zargin shaharar ƙungiya tana rinjayar alƙalai. Aka mayar musu da cewa maki 99.65 da 'yan shahararriyar ƙungiyar Blue Devils suka samu a 2014 guminsu ne.