Fatsar kifin tirawut a ƙoramun Shenandoah: me ke jawo shi, me ke korar sa?

Mai Fatsa: 'Yan'uwa masu hawa ƙoramun Shenandoah a jihar Bajiniya, mu haɗa abin da muka sani kan kifin nan mai jajayen ɗigo da Amurkawa ke kira brook trout. Gajeriyar sanda ake so, ƙafa 6 zuwa 7, mai lamba 2 ko 3, wato marar nauyi. Doguwa sai ta yi ta sarƙewa a rassa.

Ɗan Rafi: Gaskiya ne Malam, amma tafiya ta fi sanda ɓata lamari. Kifin yana fuskantar inda ruwa ke gangarowa, don haka daga ƙasa za ka fara, kana hawa, ka zo masa ta baya. Ka durƙusa, ka laɓe bayan dutse. Da zarar inuwarka ta faɗa kan ruwa, shi ke nan, gurbin, wato inda ruwa ya taru, ya mutu, wuce na gaba. Jifa uku ya ishi kowane gurbi. Ka nufi inda kumfa ke taruwa a ƙarƙashin ɗan gangaren ruwa, nan abincinsa ke bi. Inda rassa suka rufe, kama ƙudan, wato ƙudan bogin da ke jikin ƙugiya, da yatsu biyu, ja zaren har sanda ta lanƙwashe kamar baka, sannan ka saki.

Baban Ƙugiya: Ƙudan bogi mai lamba 14 ko 16, irin wanda ake kira Parachute Adams ko Royal Wulff, kifin ba shi da tsirfa wajen ci. Bakin zare siriri, mai lamba 5X. Abin da ke sa ya ƙi shi ne ruwa ya ja zaren, ƙudan ya riƙa gudu yana tsaga ruwa. Ɗaga sanda sama, zare kaɗan ya taɓa ruwa. In ya cafka, ɗan motsa hannu kawai. Kifin da yawanci bai wuce inci 6 zuwa 8 ba, ka fizga da ƙarfi sai ka tsince shi a kan bishiya.

Mai Fatsa: A kuma riƙe ma'aunin zafi. Ruwa ya kai digiri 20 na ma'aunin Celsius, a naɗe zare, don iskar da yake shaƙa ta ragu, wahalar kamu na iya kashe shi ko an sake shi.

Ɗan Rafi: A matse ƙayar ƙugiya da filaya, a jiƙa hannu kafin a taɓa shi, kar yauƙin jikinsa ya goge. Daga Oktoba zuwa Nuwamba yake zuba ƙwai. In ka ga tsakuwa ta yi fes a bakin gurbi, sheƙarsa ce, kewaye ta.