Wane mazaunin kan bishiya ya dace da mai farauta a dajin gwamnati a Pennsylvania?

Bazazzagi, Harrisburg

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar farautar barewa a nan Amurka. Shekarata bakwai a jihar Pennsylvania, kuma bara ne wani abokin aikina ya ja ni daji, bayan na kammala kwas ɗin da aka wajabta wa duk mai neman lasisin farauta karo na farko. Ba ni da gona a nan, ba ni kuma da masani mai daji, saboda haka filayen farauta na gwamnatin jiha su ne madogarata, waɗanda faɗinsu ya kai eka miliyan ɗaya da rabi, kuma duk mai lasisi yana da damar shiga.

Bara a ƙasa na zauna, na jingina da gindin bishiya tun kafin gari ya waye. Sau biyu barewa tana tunkaro ni, kuma kowane karo sai ta tsaya daga nesa, ta ɗaga hanci, ta buga ƙafa a ƙasa, ta yi huci, sannan ta ɗaga farar jelarta ta faɗa kurmi. Abokina da yake zaune a kan bishiya bai yi awa uku ba ya samu tasa. Wannan ne ya sa na ƙudura cewa bana ni ma sama zan hau.

Da na je kanti sai na tarar mazaunin iri huɗu ne. Akwai mai tsani, akwai wanda mutum yake hawa da shi, akwai wanda ake ratayawa a jikin bishiya bayan an hau ta da sandunan hawa masu matakala da ake ɗaurawa a jikinta, akwai kuma sirdi da ake ɗaurawa a ƙugu, mutum ya ratayu a cikinsa da igiya daga jikin bishiya. Shekaruna 43, nauyina kilo 95, kuma daga inda nake ajiye mota zuwa inda nake son zama tafiyar kusan kilomita ɗaya da rabi ce, rabinta hawan tudu. Kuɗin da na ware dala 400 ne. Wanne zan saya? Na gode.

Tsohon Maharbi, Lansing

Wa alaikumus salam, ƙanena. Barka da shigowa cikinmu, Allah ya ba da sa'a.

Mai tsani ka cire shi daga lissafi tun yanzu. Yana da daɗin zama, amma nauyinsa ya wuce a saɓa shi a hau tudu, kuma kafa shi aikin mutum biyu ne ko uku. Na masu gona ne, waɗanda suke kafawa su bar shi wuri guda.

Kafin ka taɓa aljihunka, ka ware Asabar ɗaya ka je wurin da kake son zama da rana tsaka, ba bindiga, ba komai, ka nemi inda turbar barewa ta bi, inda ta goge ƙaho a jikin ƙananan itatuwa, da inda 'ya'yan bishiyar oak suke zuba, sannan ka ɗaga kai ka dubi bishiyoyin da ke wurin. Su ne za su zaɓa maka mazauni. Wanda ake hawa da shi ba ya aiki sai a bishiya miƙaƙƙiya wadda ba ta da reshe ko ɗaya tun daga gindi har inda za ka tsaya, kuma kaurinta ya kasance tsakanin inci 8 da inci 20. Reshe guda kamar kaurin yatsa biyu ya isa ya tsayar da kai a ƙafa goma, kuma a dajin gwamnati ba ka da iznin sare shi. Na sha kai wa wurin da sawun barewa ya yi kaca-kaca, na yi ta zagaye da fitila a goshi ina neman bishiyar da za ta karɓi mazaunina, har na ƙare a wata mai nisan taku sittin daga turbar, inda iska ke ɗaukar warina ta kai musu. A irin wannan hali mazaunin ne yake yi maka jagora, alhali kai ya kamata ka yi masa.

Shi ya sa na koma wanda ake ratayawa, shekara goma sha ke nan. Na alminiyam nauyinsa kilo 5 zuwa 7 ne, sandunan hawa huɗu kuma za su ƙara kamar kilo 4 zuwa 5, su kai ka tsawon ƙafa 15 zuwa 18. Jimillar nauyin ba ta fi na wancan sauƙi ba, gaskiya, amma kowace irin bishiya kana iya hawa, karkatacciya ko mai rassa, kuma rassan nan su ne suke ɓoye surarka idan barewa ta ɗaga kai. Ana ɗaura sandunan da ɗamara ne, ba a huda bishiya. Matakala mai noti da ake murzawa cikin itace haramun ce a dajin gwamnati, a nan Michigan da can wajenku duka.

Zan ba ka labarin abin da ya same ni, domin ka san cewa ba ƙiyayya ce ta sa na rabu da mai hawa ba, wato mazaunin da ake hawa da shi. Shi kashi biyu ne: wurin zama da wurin taka ƙafa, kuma akwai wata gajeruwar igiya da take haɗa su. Wata safiya ta watan Nuwamba na yi gaggawa ban ɗaura ta ba. Na kai kamar ƙafa 18, na ɗaga ƙafafuna zan gyara zama, sai wurin takawar ya suɓuce ya sauka har gindi yana ƙara kamar an jefar da kwano. Na rage a zaune ƙafafuna suna lilo, sanyi yana shiga yatsuna, wayata kuma tana cikin jakar da na bari a ƙasa. Sai wajen ƙarfe goma wani maharbi da ke wucewa ya ji kirana. Laifina ne, ba na mazaunin ba, amma tun ranar wayata da usur suna cikin aljihun ƙirji, kuma ba na barin gida sai na faɗa wa uwargida daidai inda zan zauna da lokacin da zan dawo.

Abban Sadiq, Pittsburgh

Baba, Allah ya ƙara girma, amma ina neman izni in saɓa maka a wuri guda. Dazuzzukan kudancin Pennsylvania cike suke da bishiyoyin poplar da oak dogaye miƙaƙƙu, waɗanda reshensu na farko yake can sama, saboda haka wahalar neman bishiya da ka ambata ba ta cika samunmu ba. Ga wanda bai taɓa hawa ba, ni ina ganin mai hawa ya fi sauƙin koyo, domin mutum yana cikin ƙarfen a kewaye tun daga ƙasa, ya zauna ya jawo ƙafa, ya miƙe ya ɗaga wurin zama, a haka har ya kai. Wanda ake ratayawa kuwa sai ka tsaya a kan sanda cikin duhu, ka jingina da igiyar ƙugu da ake zagaya bishiya da ita don ta riƙe mutum yana aiki, ka ɗago ƙarfe mai kilo 6 da hannu biyu ka ɗaura shi, sannan ka taka ka koma kansa, kuma wannan komawar na cikin lokutan da aka fi faɗowa. Ban da haka, a lokacin farautar bindiga, wanda yake buɗewa ranar Asabar ta bayan bikin Thanksgiving a ƙarshen Nuwamba, zama ake yi tun asuba har yamma, kuma a zaman wuni babu abin da ya kai kujerar mai hawa daɗi. Na alminiyam nauyinsa kamar kilo 9 zuwa 10 ne, yawancinsu kuma an rubuta cewa suna ɗaukar fam 300, wato kilo 136. Ɗan'uwa, wannan adadi ya haɗa da kai da tufafin sanyi da takalmi da bindiga, ba nauyin jikinka kaɗai ba, amma da kilo 95 kana da sarari.

Abin lura guda a hawa shi ne bishiya tana sirancewa yayin da ake yin sama. Idan ka saita wurin takawa a daidaice a gindi, kafin ka kai sama zai sunkuya gaba kamar zai zubar da kai. A gindi za ka saita shi bakinsa ya ɗan ɗaga, ta yadda zai daidaita idan ka kai inda za ka tsaya. Kada ka yi yunƙurin gyara kebul ɗin da yake zagaye bishiya yana riƙe mazaunin kana sama, sauka za ka yi ka gyara. Ka guji bishiya mai santsin ɓawo irin beech, musamman bayan ruwa ko ƙanƙara. Ka kuma koyi gane bishiyar ash ka nisance ta, domin wani ɗan koren ƙwaro da aka fara gani kusa da Detroit a 2002, ya iso Pennsylvania a 2007, ya kashe su ba adadi, kuma a lokacin sanyi da ganye ya zube matacciya da rayayya kamanninsu ɗaya ga wanda bai saba ba.

Game da doka a filayen farauta na jiha, ana iya barin mazauni ya kwana, daga mako biyu kafin buɗe farautar barewa ta farko a shiyyar farautar da wurin yake ciki zuwa mako biyu bayan rufe ta ƙarshe, da sharaɗin a liƙa masa alama mai ɗorewa ɗauke da sunanka da adireshinka ko lambarka ta lasisi. Barinsa bai mallaka maka wurin ba, wani yana iya zuwa ya zauna a bishiyar da ke kusa. Ni dai ba na barin nawa, tun da aka yanke kwaɗo aka tafi da na maƙwabcina. Kuma ko kana sama, riga da hula masu ruwan lemo mai ƙyalli wajibi ne a lokacin bindiga, inci 250 murabba'i a kai da ƙirji da baya a haɗe.

Maman Iman, Minneapolis

Ni ba na farauta, maigidana ne yake yi, amma ma'aikaciyar jinya ce ni, kuma na kula da waɗanda suka faɗo daga bishiya, wasunsu ba su sake takawa da ƙafafunsu ba. Malam, ina roƙonka daga cikin dala 400 ɗin nan ka fara fitar da kuɗin ɗamarar tsaro mai kama jiki gaba ɗaya, kafaɗu da ƙirji da cinyoyi, kafin ka dubi mazauni. Ɗamarar ƙugu kaɗai irin ta da tana iya juya mutum kai ƙasa ko ta zame ta matse masa ƙirji. Sababbin mazaunai daga kamfanonin da ke bin ƙa'idojin ƙungiyar masu ƙera su, wato TMA, suna zuwa da ɗamara a cikin kwali, sai dai mutane da yawa suna jin ta da wuyar sawa su bar ta a mota, gara ka sayi wadda jikinka zai yarda da ita. Ka kasance a ɗaure da bishiyar tun daga lokacin da ƙafarka ta bar ƙasa har ta dawo, kuma idan ka zauna ka ɗaura igiyar ɗamarar a jikin bishiya sama da kanka yadda ba za ta yi sako-sako ba, domin in ka zame ka iya komawa kan mazaunin da kanka.

Mutane ba su cika sanin cewa ratayuwa a cikin ɗamara ita ma haɗari ce ba. Maɗaurin cinya yana matse jijiyoyi, jini ya taru a ƙafafu, mutum ya suma alhali bai ji ciwo ko ɗaya ba. Akwai wata 'yar igiya mai zobe da ake sa ƙafa a ciki a miƙe a rage matsin, ka ajiye ta a aljihun da hannunka zai kai. Bindiga kuma ba a hawa da ita. Ka cire harsashi, ka ɗaura ta da igiya bakinta yana kallon ƙasa, sai ka zauna daram sannan ka jawo ta.

Maigidana sirdi yake amfani da shi, domin a yawancin filayen kula da namun daji na jihar Minnesota ba a yarda a bar mazauni ya kwana ba, kullum sai an shiga da shi an fito da shi. Ya ce sauƙin ɗaukarsa ba a magana, kuma mutum a ɗaure yake koyaushe, amma ya ɗauki makonni yana gwaji kafin ƙugunsa ya daina ciwo.

Bazazzagi, Harrisburg

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba, na bi shawararka, jiya Asabar na je da tef ɗin awo. A gangaren tudun akwai poplar miƙaƙƙu kamar yadda Abban Sadiq ya faɗa, har na auna uku da kaurinsu bai wuce inci 14 ba. Amma turbar da na fi ganin sabon sawu da kashi a kanta ta bi ta bakin wani rafi ne, inda bishiyoyin duk karkatattu ne masu rassa tun daga daidai kafaɗata. Saboda haka wanda ake ratayawa zan saya da sanduna huɗu, tare da igiyar ƙugu. Ɗamarar na riga na yi odarta daren jiya, Hajiya. Akwai wata bishiyar maple a bayan gidan abokin aikina, ya yarda in riƙa zuwa da yamma ina gwada kafawa a tsawon ƙafa huɗu, har sai hannuna ya iya ɗaura ta ba tare da fitila ba.

Saura tambaya ɗaya, Baba. A ƙarshen Nuwamba shiga dajin yana kamawa kafin alfijir ya keto. Ya kake yi da sallar Asuba?

Tsohon Maharbi, Lansing

Ina fita da alwalata daga gida, in sa huffi a cikin takalmin sanyi. Idan na isa gindin bishiyar nakan ɗaura sanduna biyu na farko, in zauna shiru in jira alfijir, sannan in shimfiɗa ledar da nake naɗe kayana a ciki in yi salla a nan, in sa ɗamara in hau. Daga alfijir zuwa lokacin da doka ta halatta harbi, wato rabin awa kafin fitowar rana, akwai kusan awa guda, ta ishe ka ka kai sama ka zauna dajin ya lafa.