Shawarwari kan Zanen Bango a Birane

A wata tattaunawa kan yadda ya kamata a yi zanen bango a birane, mafi yawan waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun yarda cewa bai kamata mai zane ya taɓa bango ba sai ya sami izinin mai ginin a rubuce, ya kuma zauna da mazauna unguwar, tunda su ne za su wayi gari da hoton kullum. An kawo misalin birnin Filadelfiya na Amurka, inda shirin da aka fara a 1984 domin rage rubutun ɓarna a bango ya jawo matasan da ke yinsa cikin aikin zane. An fi daɗewa kan batun kulawa, kuma da gaskiyarsu: rana da danshi suna cin fenti, saboda haka a ware kuɗin gyara tun farko, abin da masu ɗaukar nauyi kan manta.