Neman kalma: me za mu kira conditional sentences da Hausa?

Malamar Turanci:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah a taimaka min, ranar Alhamis zan ɗauki darasi a bidiyo na manya masu koyon Turanci, bayanin duk da Hausa nake yi, to na iso kan conditional sentences na tsaya cak. Ina son suna ɗaya da zai haɗe su duka, sai kuma sunan kowanne cikin huɗun nan da littattafai ke kira zero, first, second, third. Ba na son in ce na ɗaya na biyu kawai, lambar ba ta gaya wa ɗalibi komai, haddacewa yake ya manta.

Mai Fassara:
Wa alaikumus salam Malama. Jimlar sharaɗi. Ɓangaren da ke ɗauke da if ki ce gangar sharaɗi, ɗayan kuma gangar sakamako, ganga a nahawu ita ce ɓangaren jimla, wato clause.

Ɗalibin Nahawu:
Na goyi baya, sai dai ni jawabin sharaɗi zan ce maimakon sakamako. Duk wanda ya taɓa nahawun Larabci ya san fi'ilush sharɗi da jawabush sharɗi, har ma ya san bambancin in da lau, wato abin da zai iya faruwa da wanda bai faru ba. Rabin aikin an gama miki.

Mai Fassara:
Jawabi a kunnen Bahaushe ai tashi ne a gaban taro a yi magana, ɗan'uwa. Kuma ba kowa ne ya yi Larabcin ba.

Baba Mai Kishin Hausa:
Ikon Allah. An gudu daga Turanci an faɗa Larabci sannan a ce an samo kalmar Hausa? Sharaɗi ba tamu ba ce. Ni abin da na daɗe ina kira shi ne RATAYAU, don ɓangare ɗaya a rataye yake a wuyan ɗayan, in wancan bai faru ba wannan ba zai faru ba, kuma ta hau ma'aunin kalmomin nahawu irin su aikatau (verb) da dogarau (dependent) daram. Su aikatau ɗin ma ai mutane ne suka zauna suka ƙirƙira, har aka buga Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi a 1990, mu me ya hana mu?

Ɗalibin Nahawu:
Allah ya ƙara girma Baba, amma in haka ne sai mu watsar da jimla da kalma da darasi da nahawu ɗin kansa, duk daga Larabci suka zo. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san "na yarda amma da sharaɗi". Sannan ratayau za ta yi karo da ganga dogarau, ai duk gangar da ba ta tsaya da ƙafarta ba a rataye take, har mai saboda da mai lokacin da.

Injiniya:
Ni fa ban ga abin wahala ba. Turanci take koyarwa, a bar musu sunan yadda yake, shi za su tarar a jarrabawa. Ba komai ne Hausa za ta iya ɗauka ba.

Baba Mai Kishin Hausa:
Yaro janye wannan maganar. Harshen da ake tafsiri da shi, ake labaran duniya da shi a BBC tun 1957, shi ne zai kasa ɗaukar if? Kasawar taku ce, kun yi boko kun raina abinku.

Injiniya:
Baba ban raina ba wallahi, amma ratayau ɗin nan ko ni sai an fassara min.

Tsohon Malami:
Ku tsaya, kun bar Malama da aikinta. Malama wahalar ba a sunan take ba, a nan take: Bahaushe yana cewa "in ya zo gobe zan ba shi". Duba "ya zo", siffar shuɗaɗɗen lokaci ce alhali zuwan sai gobe. Shi ya sa ɗalibi zai rubuta miki if he came tomorrow I will give it to him, yana ganin ya yi daidai don haka kansa ya lissafa masa, ko kuma ya ga gobe ya cusa will bayan if. Sai kin nuna masa ƙarara cewa Turanci if he comes yake so a nan, kuma da zarar ya ce came ya bar gidan "in" ya koma gidan "da".

Gidajen nan biyu su ne mabuɗin. In ko idan, ƙofa a buɗe take, nan zero da first suke. Da… da…, nan second da third suke. Matsalar ita ce mu "da" ɗaya muke yi wa duka biyun, "da ina da lokaci da na zo" na yanzu ne, "da ka faɗa min da na zo" ya riga ya wuce, shi kuwa Turanci ya raba su, would come daban would have come daban. Ki fara da jimlolin Hausar su ware da kansu kafin ki kawo na Turanci, za ki ga bambanci.

Malamar Turanci:
Malam Allah ya saka da alheri, kuskuren came ɗin nan kullum sai na gyara shi. To ga abin da na rubuta: zero sharaɗin kullum, kamar in ka ɗora ruwa a wuta zai tafasa. First sharaɗi mai yiwuwa. Third sharaɗin da-na-sani. Second ne ya gagare ni.

Mai Fassara:
Da-na-sani ta yi daɗi a baki kuma ba za su manta ba, amma hattara, ba duk third ne nadama ba. "Da na shiga motar nan da na mutu" ai hamdala ce. Shuɗaɗɗen sharaɗi ya fi tsaro. Second kuma ki ce sharaɗin ƙaddarawa, kamar mu ƙaddara kai ne shugaba.

Ɗalibin Nahawu:
A'a, suna jin haka ƙaddara za ta faɗo musu a rai, darasi ya koma wani wajen. Sharaɗin da-a-ce. If I were you, da a ce ni ne kai.

Tsohon Malami:
Da a ce tana shiga third ɗin ma, "da a ce ka zo jiya". Ba ta raba gardama ba.

Baba Mai Kishin Hausa:
Ratayau na kullum, ratayau mai yiwuwa, ratayau na mafarki, ratayau na ƙeya. Ga su nan huɗu cif, amma na san ba za ku ɗauka ba.

Malamar Turanci:
Baba mafarkin nan kam zan ara, na gode. Jimlar sharaɗi zan yi amfani da ita don ita za su gane nan take, third zan ce shuɗaɗɗen sharaɗi in kawo da-na-sani a misali, second zan ce sharaɗin mafarki duk da bai kwanta min sosai ba, if I had time ai ba mafarki ba ne. Sunayen Turancin zan rubuta su a allo saboda jarrabawa. Wanda ya samo wanda ya fi kafin daren Laraba ya turo.

Baba Mai Kishin Hausa:
To shi kenan. Amma a bidiyon ki faɗa musu akwai masu cewa ratayau.