"A bari ya huce…": shin ta hau kan wanda aiki ya taru a kansa?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum. Ina da ja a kan yadda ake amfani da "A bari ya huce, shi ke kawo rabon wani." Ita ake jefa wa duk mai jinkiri, har da wanda aiki ya taru a kansa, ni kuwa ina ganin ba ta hau ba. Asalinta tuwo ne ka ajiye ya sha iska, baƙo ya yi sallama, dole ka ce masa bismillah. To wa zai zo ya ɗauke maka tulin wankin da ka tara? Yana nan yana jiranka. Sannan me ake kiran irin wannan aiki? Na ji wani ya ce "aikina ya yi kwantai", kunnena bai karɓa ba.

Maman Hanifa: Wa alaikumus salam. Kunnenka ya yi gaskiya, ɗan'uwa. Kwantai na mai sayarwa ne. Yarinya ta fita tallar ƙosai, rana ta faɗi, ta dawo da rabin faranti. An gama aikin tsaf, mai saye ne babu. Masu tumatir a kasuwar Kwanar Gafan ta jihar Kano sun fi kowa sanin zafinsa, domin in kasuwa ta cika sai dai a yanka a shanya ya koma kauɗa. Aikin da ya taru kuwa mai shi yana tsaye a bakin ƙofa. Ni bashin aiki nake ce masa, don akwai mai binka.

Tela Mai Shago: Alhaji Ɗan Kwari, leƙo shagon tela a goman ƙarshe na azumi. Shadda da atamfa jibge har bakin taga, ga wuta ana ɗaukewa. Wanda ka yi ta ce masa "dawo jibi" har ya yi idi da tsohuwar riga, bana zai haƙura, amma baɗi kayansa suna shagon maƙwabcinka. Ɗinkin dai kai za ka ƙarasa, mai kayan ne ya zama rabon wani. Karin maganar ta hau ɗaram.

Baba Na Gona: Yaran nan, kuna magana kamar aiki yana zama yadda aka bar shi. A gona haihuwa yake yi. In ka makara da noman fari, ciyawa ta danne gero, kafin ka kai ƙarshen gona gefen da ka fara ya isa maimai. Aikin mutum guda ya koma na biyar, sai gayya ko ɗaukar 'yan ƙwadago da kuɗin da ka tanada na taki. Mu abin da muke cewa shi ne "tun ran gini ran zane." Bango in ya bushe ba ya karɓar zane, haka damina ba ta komawa baya don wani.

Malam Na Tsangaya: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Maman Hanifa ma ta yi daidai da ta ce bashi, domin haka muke cewa a ibada: ana bin mutum azumi, yana da ramuwa. Ya inganta cewa Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, takan kai watan Sha'aban kafin ta rama abin da ta sha na Ramadan. Ashe jinkiri yana da fili, amma filin yana da iyaka. A mazhabar Malikiyya, wanda ya yi sakaci har wani Ramadan ya riske shi bai rama ba, zai rama, kuma ya ciyar da miskini mudun Annabi guda a madadin kowace rana.

Ɗaliba Daga Samaru: Malam, a gafarce ni, amma ba kowane tarin aiki ne sakaci ya haifar ba, kuma yana yi min ciwo a jefa wa kowa magana ɗaya. Yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 2022 ya ɗauki wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Da aka dawo, ga waɗanda ba su gama ba, ga sababbi suna jiran shiga, aka yi ta matse zangon karatu. Wane ɗalibi ne ya ce a bari ya huce? Wannan cunkoso ne, kamar na masu jiran shari'a a gidan yari. Wani ya toshe hanya, wani ke shan wahala.

Ɗan Kwari: Ƙanwata, na karɓi cunkoso. Na tela ma na karɓa, amma rabi. Inda akwai ɗan takara a gefe, kamar kasuwa ko neman aure, ta hau. Wankin gida da ramuwar azumi ba su da ɗan takara, don haka a can ta Baba zan riƙa kawowa.

Maman Hanifa: Wanki ma yana da ɗan takara, Alhaji. Bar jiƙaƙƙen kaya a bokiti da damina, ka ga abin da fumfuna za ta yi wa farar shadda.

Baba Na Gona: Wannan ba rabon wani ba ne, 'yata, asara ce kawai. Ba wanda ya ci. Ina tare da Alhaji a nan.